Layin Gaba na Matattu Ne

Yuk-lin ta mutu ranar wata Laraba, tana tsaka da yanka albasa. Matar da ta yi rabin rayuwarta tana dirowa daga rufin haikali a kan waya a finafinai, a ƙarshe daga tsaye ta faɗi, a madafi. Mijinta, Mak Shun-kei, ya karanta abin da masu hikima suka rubuta a kan mutuwa, na da da na yanzu, bai ga wanda ya san abin da yake faɗa ba.

Da watan bakwai ya kama, watan da ake buɗe wa fatalwa ƙofa su fito shan iska, 'yan kwamitin unguwar Sham Shui Po suka kafa rumfar gora a filin ƙwallo kamar kowace shekara. Bana ba a sami 'yan wasan waƙe ba, tsufa ya cinye su, sai aka ɗauko majigi da wani tsohon fim na fatalwa da takubba. Mak ya san fim ɗin sarai. Fuskar ta wata jaruma ce da ta daɗe da tarewa a Vancouver, amma duk inda fatalwar ta juya baya ta tashi sama cikin farin siliki don ta ceci saurayinta, Yuk-lin ce. Shi kuma yana ƙasa tare da ƙarti uku, suna jan wayar. Sunanta bai fito ba ko a ƙarshe, inda ake gode wa masu dafa shayi.

Rana ta yi sanyi, mutane suka cika benci, aka bar layin gaba wayam, da lemo da turaren tsinke a gaban kowace kujera, domin matattu ake yi wa wasan. Mak ya ratsa jama'a da butar shayinsa, ya zauna daram a tsakiyar layin, ya zuba kofi biyu.

Shugaban kwamiti, Bing Mai Tumbi, wanda ke gasa agwagwa a bakin kasuwa, ya taho yana haki.

"Kawu Mak, idon ne ya fara tafiya? Nan wurin manyan baƙi ne."

"Na gan su. Sun fi ku ladabi."

"Haba Kawu! Ka san wanda ya zauna nan, bin sa suke har gida."

"Su zo. Gidan ya yi mini yawa."

Gwaggo Fung mai sayar da kunun shinkafa ta ɗaga murya daga baya: "Ku ƙyale shi mana! Saura kwana nawa ya zama ɗan layin?"

Aka fashe da dariya, ban da Bing. Ya sunkuya ya rage murya. "Kawu, tsohuwata ma tana layin nan. Bana ce fitowarta ta farko. Kada ka kore mini ita."

"To zo ka zauna kusa da ita."

Bing ya dubi kujerun. "Ba a kunna majigin nan sai ka tashi."

"Kada a kunna. Tun muna da baƙin gashi nake tsaye a bayan matata, ƙeyarta da tafin ƙafarta kawai nake gani. Yau a gefenta zan zauna."

Jama'a suka fara gunaguni. Bing ba wawa ba ne: ya sa aka kwaso wasu kujerun aka jera sabon layi a gaban Mak, aka mayar da lemo da turare can. Ga matattu a gaba, ga tsoho a layi na biyu, al'ada ta tsira. Har an fara tafi.

Mak ya miƙe, ya ɗauki kofunansa, ya koma sabon layin.

Aka sake jerawa. Ya sake matsawa.

"Bing, za ka kai su cikin ƙyallen majigin!" in ji Gwaggo Fung.

Gaskiya ta faɗa, domin yanzu gwiwar Mak na gogar sandar da ta riƙe farin ƙyallen, babu sauran wurin ajiye ko kujerar jariri. Bing ya share zufa, ya je gaban kujerar ƙarshe ya rusuna sau uku, ya yi raɗa a kunnen da babu, kana ya ɗaga wa mai majigi hannu.

Daga inda Mak yake, sai ya ɗaga kai har wuya ya yi tsami kafin ya ga hoton. Ga dajin ƙarya, ga hayaƙin da suka sha shaƙa. Fatalwar ta juya baya, ta taka reshe, ta tashi, siliki na bin ta, takobi a hannu. Daga kusa haka har wayar ana gani, siririya, ta sauka ta ɓace a gefen hoton, inda hannunsa yake.

Ya juya wajen kujerar da ke damansa. Shayin ya huce. Mutum ne da bakinsa ya saba da maganar wasu, duk abin da zai gaya mata sai ya aro daga littafi, wannan kuwa babu shi a ko ɗaya: duk sanda darakta ya yi tsawa a sauke ta, shi yakan ƙara mata numfashi guda a sama, da gangan, don ya lura a can ne kawai take dariya da dukkan haƙoranta.