Ɗan Ladan Mai Ɗaurin Goro

"Ka zagaya ta baya," in ji Manniru. "Ina da baƙi."

Shu'aibu ya tsaya sororo. Tun daga Sabo, unguwar Hausawa, ya tuƙo keke zuwa unguwar ma'aikata ta Bodija, rigarsa sharkaf da gumi, don maƙwabcinsa Malam Ladan mai ɗaurin goro yau kwana uku ko koko ba ya wucewa, ba ya kuma kiran sunan kowa sai na ɗansa. Ga ɗan nan tsaye cikin kwat, ya tare ƙofa da hannu.

"Babanka ne fa, Manniru. Jikin ya yi tsanani."

"Rage murya. Oga na ciki, ana maganar yaƙi. Zan leƙo ran Asabar."

Wani daga falo ya tambaya ko wane ne. Manniru ya amsa da Turanci, wai wani ne daga cikin mutanen kasuwa. Shu'aibu ya ji sarai, ai benci ɗaya suka zauna a firamare. A can ne malaminsu ya koya musu kalmar "sinob": mai raina na ƙasa, mai rawar jiki gaban na sama. Bai taɓa zaton zai ga kalmar sanye da takalmi ba. Mutumin da ubansa ya shekara ashirin yana tsugune cikin ganyen goro don ya yi boko! Takaici ya hana shi ko sallama, ya hau kekensa.

Da la'asar ya iso Sabo. Rahamatu, matar Ladan, ta tare shi a zaure.

"Ina yake?"

Ya sunkuyar da kai. Ta juya ta koma ciki.

A ɗaki liman na ta lallashin tsohon a juya shi ya fuskanci alƙibla, yana ƙi. Alƙiblar ɗakin bango ce, in an juya shi zai ba ƙofa baya.

"Shu'aibu," ya ce da ƙyar, "ya taho?"

"Yana hanya, Baba."

"To, ku bar ni haka."

Suka bar shi. Duk sanda aka ɗaga labule sai tsohon ya buɗe ido, ya sake rufewa. Kafin magariba ya cika. Shu'aibu ya rufe masa idanu, shi da liman suka kama shi a hankali suka juya shi wajen bango.