Sunan Yefim

Ina cikin juya tsohuwa Ustiniya a gadonta na jinya sai ma'aikatan masaƙa suka biyo layinmu a garin Ivanovo, suna rera waƙar nan suna buga takalmi a kan ƙanƙara. Ta ce in rufe taga.

"Kin ji su, Dariya? Sai ka ce masu zuwa biki."

Waƙarta ce, kuma a gabana ta fito. Ustiniya mai kukan makoki ce, ita ake ɗauka haya ta tsaya kan gawa ta jera baitoci har ƙato ya fashe da kuka. Ranar da sojojin sarki suka harbe ɗanta Yefim a yajin aiki, ba wanda ya ɗauke ta haya. Ta durƙusa a kansa tana rerawa a hankali, kowane baiti ya ƙare da sunansa. Samarin masaƙa suka haddace, suka ƙara wa waƙar sauri, suka cire Yefim suka sa "talakawa". Yanzu an ce har Mosko ta kai, kuma duk wanda aka kama da ita a baki, sai kurkukun Siberiya.

Abu ɗaya tsohuwar ta roƙa: a rera ta a kabarinta yadda ta yi ta, da sunan. Na kirawo Kondrat, jagoran samarin. Ya tsaya da hula a hannu yana yi mana bayani, wai waƙa ta wuce mutum ɗaya, ta zama ta kowa. Haushi ya kama ni. Yaron da Ustiniya ta sha share wa majina!

"Kaka," in ji shi, "ai Yefim yana cikin talakawan."

"Ni ban haifi talakawa ba," in ji ta. "Yefim na haifa."

Ranar Laraba da hantsi ta cika. Na rufe madubi da zane bisa al'ada, na yi mata wanka.

A maƙabarta, limamin coci yana gama addu'a samarin suka ɗauki waƙar, 'yan sanda na kallo daga bakin shinge. Na buɗe baki na rera a hankali, da sunan, amma ko ni ban ji muryata ba. Kondrat yana hawaye, yana rerawa da sauri.

Da na dawo na ɗora kofin ruwa da yankan burodi a tagarta, kamar yadda ake yi wa mamaci. Can gefe, bayan labule, ashe akwai wani kofin, na Yefim, ruwansa ya ƙafe tun da ta kwanta ciwo. Na cika shi, na matsar da nata kusa.