Faifan da Aka Ce Babu Komai a Cikinsa

A shagon shayin bakin gada maganar ta fara, kuma kafin a yi sadakar kwana ɗari ta Syamsuar ta gama zagaye ƙauyen. Wai kafin ya rasu ya goge ranjin gidansu kaf, jerin zuriyar nan ta wajen uwa da ya shekara goma sha ɗaya yana haɗawa, yana bin tsofaffi gari gari a kan tsohon babur ɗinsa yana ɗaukar muryoyinsu. Wai haushin sarautar datuk ne, wato shugabancin dangi, da aka tsallake shi aka ba ɗan ƙanwar uwarsa. Ya share, ya tafi kabari da abinsa.

Rosmaniar, yayar mamacin, ta ji maganar a bakin mutum huɗu, kowanne da ɗan ƙarin gishirinsa. Shekara talatin da huɗu ta yi tana koyar da kimiyya a wata sakandare a garin Payakumbuh, kuma ritaya ba ta raba ta da tambayar da ɗalibanta suka tsana ba: wa ya gani?

Yadda faifan da ranjin ke ciki ya rabu da kwamfutarsa ba ɓoyayyen abu ba ne. Syamsuar ya sayi kwamfutar da albashinsa yana zaune a gidan matarsa, kamar yadda al'adarsu take, saboda haka ta 'ya'yansa ce. Abin da ke cikinta kuwa na gidan uwarsa ne. Dattawan gidajen biyu suka zauna, suka sha shayi, suka raba abin yadda kowa ya yaba. Aka cire faifan ajiya, aka naɗe shi da hularsa da zanen sallarsa, aka mayar gidan uwarsa kamar yadda ake mayar da kayan namiji. Akwatin kwamfutar kuma 'yarsa ta tafi da shi garin Batam.

Darnis ce ta kai faifan wurin mai gyara. Ƙanwar sabon datuk ce, 'yar ƙanwar uwar Rosmaniar, kuma ranar Talata da hantsi suna zaune a baranda suna cire hancin barkono ta sake kawo zancen.

"Uni," in ji Darnis, don haka suke kiran yaya mace, "ni fa ban ƙulla masa sharri ba. Na'ura ce ta faɗa."

"Na'ura ta ce Syamsuar ya ji haushi?"

"Ta ce babu komai a ciki. Sauran kowa ya san shi."

"Ke kika karanta abin da ta rubuta?"

"Afrizal mai gyara ya karanta mini. Ko shi ma ƙarya zai yi? Ran Asabar dai dangi za su taru, sai a faɗa musu gaskiya a fara sabon rubutu. Na ce masa ya wanke faifan tas ya sa wa jikata a kwamfutarta, kada ya lalace a banza."

Rosmaniar ta ajiye farantin barkono. Ta san ƙanenta da taurin kai, ta san ya yi wata biyu ba ya gaisawa da kowa bayan naɗin. Amma mutumin da ke ajiye tikitin mota na shekara ashirin a gwangwanin biskit, shi ne zai goge muryar uwarsa? Ta wanke hannu da lemun tsami, ta ɗaura ɗankwali, ta tare ƙaramar bas zuwa kasuwa.

Shagon Afrizal na saman benen kasuwa, tsakanin mai ɗinkin labule da mai sayar da agogo. Tsohon ɗalibinta ne da take kira Ijal, mai furfura da tumbi yanzu, amma da ya hango ta sai da ya kashe sigarinsa a ƙarƙashin tebur.

"Buk Guru!" in ji shi, wato Malama. "Da kin aiko ai da na zo."

"Da ka zo ka ce mini littafinka ya faɗa rafi, kamar da. Ina faifan ƙanena?"

"Ga shi nan. Yau ma nake shirin wanke shi, aiki ne ya yi mini yawa."

"Allah ya ƙara maka yawan aiki. Nuna mini abin da ka gani."

Ya ɗauko faifan, ɗan ƙarfe mai faɗin tafin hannu, ya haɗa shi da waya zuwa kwamfutar shagon. Wani ɗan akwatin rubutu ya fito a allo. Ta sa tabarau ta karanta da kanta, sau biyu, a hankali. Cewa ya yi sai an wanke faifan an tsara shi sabo kafin a iya amfani da shi, ya kuma tambaya ko a wanke yanzu. Hannun Afrizal na kan linzamin kwamfutar.

"Ɗauke hannunka daga nan, Ijal."

"Ba zan danna ba, Buk."

"Haka ka ce ranar da ka ƙona mini labulen ɗakin gwaji. A ina ya ce babu komai?"

"To ai shi ke nan ma'anarsa."

"Ya ce ba zai iya amfani da shi ba. Ni ma in ka ba ni jaridar Sinanci ba zan iya amfani da ita ba, sai dai in naɗe kifi. Babu rubutu a cikinta ke nan?"

Afrizal ya sosa ƙeya. Ya ce shi dai aikinsa yawanci canza allo ne da madannai, kuma duk kwamfutar da ake kawo masa Windows ce babbar manhajarta. Ya san marigayi yana sa wa tsofaffin kwamfutoci Linux, wata babbar manhaja ta kyauta, har sun sha yi masa tsiya a kan haka, suna kiransa limamin kyauta. Amma ai faifai faifai ne.

"Mai yiwuwa," in ji Rosmaniar. "Me nake ce muku ku yi idan ba ku yarda da sikeli ba?"

Ya yi murmushin dole. "A auna abin da aka riga aka san nauyinsa."

"Ashe wani abu ya zauna a kan nan."

Akwai wata kwamfuta da Syamsuar ya haɗa da hannunsa ya sa mata Linux, tana ofishin ƙungiyar mata masu saƙa, a bayan masallacin ƙauyen. A cikinta suke ajiye zanen adon zannuwansu. Rosmaniar ta sa faifan ƙanenta a jakarta, ta hau bayan babur ɗin Afrizal a gicciye, tana yi masa faɗa a kowace kwana. Elvi, sakatariyar ƙungiyar, ba ta so ba da farko.

"Etek," in ji ta, wato Inna, "zane ɗari uku da wani abu ne a ciki. Idan suka ɓace matan nan a jikin masaƙa za su ɗaure ni."

"Buɗe mu gani tukuna, kowa ya shaida suna nan."

Elvi ta buɗe. Ga su nan, zanen da ake kira kan gora da tafiyar agwagwa da sauransu, kowanne da sunan wadda ta kawo shi. Aka kashe kwamfutar, Afrizal ya kwance ƙusoshi huɗu ya zaro faifanta, ya haɗa shi da ƙaramar kwamfutar da ya zo da ita a jakar baya. Elvi ta tsaya a kansa tana salati ƙasa ƙasa.

Ɗan akwatin nan ya fito. Kalma ɗaya ba ta bambanta ba: sai an wanke faifan kafin a yi amfani da shi.

Afrizal ya sake karanta shi. Sannan ya zare wayar a hankali, da yatsu biyu, kamar mai cire ƙaya.

"Elvi," in ji Rosmaniar, "ke ma ashe haushin sarauta kike ji. Kin goge komai."

"Etek, don Allah a mayar mini da abina!"

"Za a mayar. Amma ki ara mini akwatin na rabin awa."

Aka aika a kira Darnis. Ta zo tana haki, da ƙamshin barkono a hannunta, tana cewa ta bar tukunya a wuta. Rosmaniar ba ta yi mata bayani ba, ta dai nuna mata kujera. Afrizal ya sa faifan Syamsuar a gurbin na ƙungiyar, ya gargaɗe su cewa faifai ba kullum yake yarda ya tashi a akwatin da ba nasa ba. Ya danna. Fanka ta yi ƙara, fararen rubutu suka yi ta gudu a baƙin allo, sannan allon ya yi duhu. Rosmaniar ta gyara tabarau ta matso kusa da allon. Duk abin da ta nuna zuwa yanzu shi ne mai shaida bai iya karatu ba. Ba ta nuna akwai abin karantawa ba, kuma Syamsuar mutum ne da in ya yi fushi har abinci yake mayarwa.

Sai hoto ya bayyana: gidan uwarsu mai rufi mai siffar ƙaho, da rumbun shinkafa a gabansa, an ɗauka da safe bayan ruwan sama. Kwamfutar ba ta nemi kalmar sirri ba. Mutumin da bai taɓa kulle babur ɗinsa ba ne.

A tsakiyar allon akwai jaka ɗaya, an rubuta Ranji. Elvi ce ta buɗe. Rassa tara, daga kakar da ta fara sare dajin wurin, kowace mace da 'ya'yanta a ƙarƙashinta, da gonar da ke hannunta, da inda aka binne ta. A gefe kuma muryoyi, sama da ɗari biyu, kowace da suna da rana.

"Sauka ƙasa," in ji Rosmaniar. "Reshe na shida."

Reshen su Darnis ke nan. Sunan yayanta na wurin, da cikakkiyar sarautarsa ta datuk a gaba, da ranar naɗin. A can ƙarshe kuma ga jaririyar da 'yar Darnis ta haifa a Pekanbaru, an shigar da ita kwana tara kafin Syamsuar ya rasu.

Darnis ta matso da kujera har gwiwarta ta taɓa teburin. Ta nuna wani suna a jerin muryoyin, sai Elvi ta danna. Wata tsohuwa ta yi tari, ta ce, "Syam, wannan abin naka yana jina kuwa? To matso da shi, kuma ka ci ayabar nan kafin ta huce." Uwar Darnis ce, shekara takwas da rasuwa. Suka saurare ta tana lissafa 'yan uwanta mata, tana kuskure tana gyarawa, tana zagin wata akuya da ta shigo mata kicin. Darnis tana share hawaye da gefen ɗankwali tana dariya, barkonon hannunta ya shiga mata ido, ta ƙara wasu hawayen.

"Uni, ni na ce a wanke shi."

"Ai Ijal malalaci ne, Allah ya yi masa albarka."

Afrizal ya miƙe. Ya sauka kasuwar ƙauyen ya sayo ƙananan ma'ajiya uku na sokawa, wato filas, ya kwafe komai a cikinsu yadda kowace kwamfuta za ta iya karantawa. Ya gwada ɗaya a tasa, ta buɗe. Ya mayar wa Elvi faifanta, ta ƙirga zanenta ɗaya bayan ɗaya kafin ta bar su su fita. Daga nan suka wuce shagon shayin bakin gada, don Rosmaniar ta ce yunwa take ji. Ta sa aka kaɗa musu shayi da ƙwai, aka kawo soyayyar ayaba.

Mai shagon, wanda a teburinsa maganar ta fara, ya ajiye kofuna ya tsaya yana goge hannu.

"Buk Guru, an ce kin je duba faifan marigayi. Allah dai ya gafarta masa, kowa da rauninsa."

Rosmaniar ta juya shayinta, ta kurɓa, ta dubi Darnis. Darnis ta gyara zama, ta ɗaga murya yadda na teburin baya za su ji.

"Yayanmu Uda Syam bai goge komai ba. Ranjin yana nan cif. Kwamfutar da aka sa faifan a cikinta ce ba ta iya karanta shi ba."