Darasin Hoton Shelby

A jikin hoton, Shelby na durƙushe kan dutsen murjani a ƙarƙashin teku, gashinta ya bazu cikin ruwa, ta zare bututun iska daga baki tana murmushi. Wani kamfanin kayan nutso ne ya buga tallar, kuma babu shagon da za ka shiga a garin Key Largo na bakin teku ba ka ci karo da ita ba. Uwarta Darlene ma ta manna ɗaya a ajin da take koyar da nutso, amma ba don ado ba.

Darlene dai ba ta iya tauna magana ba, mu da muke zaune da ita mun saba. Lokacin da Shelby ta samu aikin, ta roƙi uwar ta sauka ruwan da ita, ta tsaya mata a gefe. Da Darlene ta ji irin hoton da ake so, sai ta ce ba da ita ba. Shelby ta tafi, daga nan ta daina ɗaga wayarta. Kewar yarinyar ta ci Darlene ƙwarai, amma ko a fuska.

Wata Asabar, ana shirin fara darasi, sai ga Shelby ta shigo ta zauna a kujerar baya. Ga shi kuwa darasin ranar na hoton ne. Darlene na iya tsallake shi ta je ta rungumi 'yarta. Ta dubi ɗaliban, waɗanda washegari za su shiga teku karon farko, sai ta nuna bango.

"Ku dube ta da kyau. Me kuka gani?"

"Kyau muka gani, Malama," in ji wani dattijo mai suna Vernon. Aka kwashe da dariya.

"To, baba, kyan nan ne zai kai ka kabari. Bakinta a rufe, babu kumfa ko ɗaya, wato ta riƙe numfashi. Ka yi haka ka ɗan taso sama, iskar ta kumbura, huhunka ya fashe. Ga gwiwa kan murjani, abin da ya girme mu duka. Ga ma'aunin iskarta can baya yana reto, ba ta san abin da ya rage mata ba."

Ba ta tsaya ba sai da ta kai aya.

"Wai wace sakarya ce wannan?" in ji Vernon.

"'Yata ce."

Vernon ya rasa inda zai sa kansa. Sai Shelby ta ɗaga hannu kamar ɗaliba.

"Malama, kin bar ɗaya."

"Wanne?"

"Wanda kike fara koya wa kowa: ba a nutso babu abokin tafiya. Ranar nan mai hoto na can yana fama da na'urarsa. Da na zo mayar da bututun, ruwa na shaƙa." Ta dubi uwar. "Na waiga, Mama. Na san kin ce ba za ki zo ba, amma sai da na waiga."

Darlene ta juya ga hoton. Ta daɗe tana kallon bayan 'yarta, inda babu kowa sai shuɗin ruwa.

"Wannan ma ku riƙe shi," ta ce wa ɗaliban.