Ƙwaryar Ƙanƙara Zuwa Filinge

Ina da wani ɗan aibu da ban taɓa ɓoyewa ba, don ba ya ɓoyuwa: ban iya ganin gajimare in wuce. Sau biyu ina faɗawa rami saboda kallon sama. Ni Kailu da aminina Magagi mun shekara ashirin muna gardamar hadari, shi yana tambayar iskokin gidansu, ni ina duban tururuwa, kuma duk ƙasarmu ta Kurfai ba matar da ta taɓa kwashe shanya don maganarmu.

Shekara goma sha uku da zaman Anasara a Filinge aka kawo wani kumandan mai irin ciwonmu. Ya kafa mazurarin ƙarfe na awon ruwan sama a tsakar bariki, kullum safiya ya leƙa ciki, ko da rani, ya rubuta abin da bai gani ba. Tafintansa Ibrah ya ce yana da abokai a ƙasarsu, suna aika wa juna takardu kan guguwar hunturu: wane gari ta faɗa wa, wace rana, me ta binne. Da ya gaji da ganin kaina bisa katanga, ya sa aka kira ni, ya nuna mini hoton wani gida da ya nutse har taga cikin farin abu.

“Gishiri ne?” na tambaya.

“Ruwa ne,” in ji Ibrah. “Neji suke ce mata. Daga sama take zubowa, fara, mai sanyi, ana damƙarta a hannu.”

Na ce ai mu ma muna da ita. Kumandan ya yi dariya har ya share ido, ya ce ranar da na kawo masa ita, in roƙi abin da nake so.

Ana gab da damina sunana ya fito cikin masu ɗaukar wa Anasara kaya zuwa Tawa, kwana ashirin zuwa da dawowa. A gidanmu kuwa, tun kakanni, mai gida kaɗai ke buɗe rumbun iri. In ruwan shuka ya sauka ba na nan, gonata ta kwana ke nan.

Ana gobe za mu tashi, da azahar, hadari ya taso daga gabas, baƙi wuluk. Magagi ya ce iska ce kawai, ni na ce yayyafi. Sai ƙanƙara ta ɓarke kamar ana jifar biri a gona. Kafin ta tsagaita mun cika ƙwarya da masu girman ƙwan kurciya.

Hamani, Bafillacen da ke kiwo bayan gonata, ya fito daga ƙarƙashin gawo ya leƙa ƙwaryar.

“Kaɗo, ina za ka da duwatsun Allah?”

“Bariki. Gonata zan fanso da su.”

Ya sauke bargon ulu daga kafaɗarsa. “Naɗe su a nan. Abin da ya hana sanyi shiga, shi ka hana shi fita.”

Magagi ya kama ciki. “Ji mini Bafillace! Mai zazzaɓi aka rufawa bargo. Wa ya taɓa dumama abin da yake son ya yi sanyi? Kailu, kunu ma in kana son ya huce mi kake yi?”

“Fifita shi nake,” na ce.

Haka muka yi. Na hau jaki da ƙwarya a buɗe bisa cinya, don ta sha iska, Magagi na gudu a gefe yana yi mata fifita da faifai. Duk inda muka wuce mutane sun fito da kwashe, sungumin shukarmu, da iri suna shuka, suna tsayawa su kalle mu. Kafin rabin hanya ƙwan kurciya ya koma wake. Magagi ya ƙara ƙarfin fifita. A ƙofar bariki na miƙa wa kumandan ƙwaryar ruwa da ɗan haki a sama.

Bai yi dariya ba. Ya tsoma yatsa, ya jawo kujera, ya buɗe littafinsa, don a Filinge ko ɗigo bai sauka ba. Daga ina ta taso? Yaya girmanta? Ta daɗe? Tunda nake, ba wanda ya taɓa tambayata sama yana jiran amsa. Na manta da Tawa, na shiga zuba.

“Da ƙara ta zo?” Ibrah ya juya mini tambayarsa.

“Ranka shi daɗe, ga shaida,” in ji Magagi, ya cire hula ya nuna ƙulun da ta yi masa.

Kumandan ya girgiza kai. Ya ce tasu ba ta yin ƙara. Sai mutum ya buɗe ƙofa ya tarar duniya ta yi fari, ko kare bai yi haushi ba. Na tambaya ko tana jiƙa ƙasa, ya ce sai bayan wata uku, in ta narke. Na ce ashe ruwa ne mai ajiye kansa. Wannan ma ya rubuta. Sannan ya tambaya me ya hana mu naɗe ƙanƙarar a bargo, ai haka suke yi. Magagi ya mayar da hularsa. Har yau Hamani bai ji wannan ba.

Na ce to, batun roƙon fa, a cire sunana daga tafiyar Tawa? Ya ce alkawari na neji ne, wannan kuwa ƙanƙara ce, ita ma ba ta iso ba. Ya ba ni hannu kamar aboki, ya ce in lura masa da gajimaren hanya.

Na ɗauki akwati zuwa Tawa ina lissafa gonakin mutane da suka tsiro, kowace kamar tana yi mini gwalo.

Ruwa bai sake sauka a Kurfai ba sai bayan kwana arba'in. Duk wanda ya shuka ranar nan ya rasa irinsa. Nawa yana rumbu.