Allon da Sitaci Bai Taɓa Ba

Alluna ashirin da uku ne a mararrabarmu. Ni na ƙirga su da kaina, don ɗan kabu-kabu idan babu fasinja ba shi da aikin da ya wuce kallon abin da ke gabansa. Mararrabar tana kan titin Anka zuwa Gummi, inda hanyoyin ƙasa uku suka ɓalle suka nufi ƙauyukan Bukkuyum. Duk wanda ya taɓa yin wani abu a yankinmu, ko ya yi niyya bai yi ba, sai ya zo nan ya kafa allonsa. Akwai kore mai nuna Gummi, akwai mai nuna Anka wanda wata tirela ta buge har kibiyarsa ta koma nuna sama. Akwai na aikin hanyar da ba a taɓa somawa ba, da na mai maganin basir, da na mai gyaran sola. Wannan ya hau kan wancan, wancan ya shiga gaban wannan. Baƙo idan ya taho a guje, kafin ya karanta biyu ya riga ya wuce wurin.

Namu na Tungar Makau shi ne ƙaraminsu, bai fi murfin tukunya ba. Amma a cikin masu allunan nan duka babu wanda ya kai mu bukatar a gan shi.

Rijiyar garinmu ta rufta shekara biyu ke nan. Tun daga lokacin matanmu ke tafiyar awa guda da rabi zuwa rafi, ta cikin dajin da ko maza ba sa shiga sai da addu'a a bakinsu. Innarmu tana cikinsu, da ciwon gwiwarta, da gammonta da ya sha ɗinki. Kullum suka fita sai gari ya yi tsit har a hango tulunansu sun dawo. 

Sai wata ƙungiya ta sa sunanmu cikin garuruwan da za a haƙa wa rijiyar burtsatse. Murna kamar me. Abin da ba mu sani ba shi ne masu motar haƙa suna da dokarsu, kuma ban ga laifinsu ba. Ba sa faɗin ranar da za su zo, ba sa tsayawa tambayar hanya, don a ƙasarmu yanzu ba ka san wa kake tambaya ba, ba ka kuma san wa zai kira a waya bayan ka wuce ba. Allo kawai suke bi. In sun gani su shiga, in ba su gani ba su yi gaba.

Zuwansu na farko ya faɗo a lokacin siyasa. Akwai wani mutum, Ɗantani, wanda sana'arsa ke nan liƙa fostar 'yan takara. Da bokitin sitaci yake yawo da burushi, kuma in ka daɗe a tsaye wuri ɗaya kai ma sai ya liƙa maka. Ranar da motar ta zo, allonmu fuskar wani ɗan takara ce a kansa yana murmushi. Suka wuce har Gummi, suka kwana, suka koma inda suka fito.

Muka ɓare takardar, muka sake fenti. Kafin zuwansu na biyu wani ya tuge allon gaba ɗaya, daga baya aka gan shi ya zama ƙofar akurkin kaji a wani ƙauye. Ranar ina mararraba na ga motar ta wuce da ƙarafunanta. Ban yi wata-wata ba na tayar da babur na bi su, ina ɗaga hannu ina ihu. Wauta ta ke nan. Wane direba ne a Zamfara zai ga namiji a kan babur yana binsa da ihu ya tsaya? Mutumin nan ya take mota yadda ban taɓa zaton mota mai nauyinta za ta iya gudu ba. Ƙura na sha na dawo, abokan sana'ata suka yi mako suna kirana shugaban 'yan daji.

Saƙo ya zo wa mai gari cewa za a sake gwadawa sau ɗaya cikin kwana goma, kafin ruwa ya sauka ya rufe hanya. In an sake rasa mu za a ba wani gari. Maza suka taru a ƙofar masallaci aka yi ta magana. Wani ya ce a yi allo babba, aka ce babba ya fi daɗin liƙa fosta. Wani ya ce a sa siminti a gindinsa, aka ce siminti bai hana sitaci. Aka tashi babu matsaya.

Washegari na ɗauki yayata Hindu zuwa Gummi karɓo maganin idon Baba. Babanmu, Malam Mahmuda, shi ne limamin gari, kuma a zamaninsa babu mai kyawun rubutunsa daga nan har Zugu. Da idonsa ya soma dushewa Hindu ce ta karɓi alƙalamin. Ita ke rubuta wa matan aure darasi a cikin gida, ita ke rubuta wasiƙun da ake cewa Malam ne ya rubuta, kowa ya sani kuma babu mai faɗa. Mun iso mararraba a hanyar dawowa sai ta dafa kafaɗata ta ce in tsaya. Ta daɗe tana kallon allunan nan.

"Badaru, duba da kyau," in ji ta. "Cikinsu duka, wanne na ba a liƙa ma takarda ba?"

Shekara shida ina zama a wurin ban lura ba. Guda ɗaya ne tak, wani tsohon allo mai tsatsa na wata Islamiyya da aka rufe tun ina saurayi. Rubutun Larabci ne a kansa. Ya karkace, ya koɗe, amma babu ɗigon sitaci a jikinsa, babu kuma wanda ya taɓa tuge shi ya yi ƙofar kaji. Mu mutane ne da in muka ga guntun takarda mai baƙaƙen Larabci a ƙasa sai mun duƙa mun ɗauka mun soke a bango, ko da lissafin albasa ne a ciki. Hindu ta ce in tuƙa mu tafi, ta gama gani.

Baba bai karɓi zancen da sauƙi ba. Ya ajiye carbinsa ya juyo da fuskarsa wajen muryarta.

"Baƙaƙen da anka rubuta Littafin Allah da su za ki kai bakin titi, awaki su goga jiki?"

"Baba, ba ni sa aya, ba ni sa sunan Allah. Sunan garinmu na kawai, da ajami. Kai ka koya mani da su aka rubuta wasiƙa. Wanga ma wasiƙa ta, mai mota za mu aika ma."

Baba ya sake ɗaukar carbinsa. A daidai lokacin Inna ta shigo da tulu a kai tana jan ƙafa, ta sauke, ta zauna a ƙasa tana murza gwiwa. Ko bai gan ta sosai ba ya ji numfashinta. Ya ce to a yi, amma da sharaɗi: a ɗaga allon sama ya wuce kan mutum, bai yarda baƙi ko ɗaya ya kusanci ƙasa ba. Sannan ya ce in ɗauko azarar giginyar nan da ya ajiye shekara huɗu don rufin zauren karatunsa. Na san abin da azarar take a wurinsa, sai na kasa haɗa ido da shi.

Na samo fallen kwano na buge shi ya miƙe, na shafe shi da farin fenti. Hindu ta fere kara mai kauri yadda ake fere alƙalami, ta tsoma a baƙin fenti, ta durƙusa a tsakar gida. Wuni guda ta yi a kan kalmomi biyu. Baƙaƙen suka fito manya, masu ƙiba, irin na allon sauka, ta bi su da jan wasali ɗaya bayan ɗaya. A ƙasa ni kuma na rubuta sunan da boko, na ja kibiya. Ta dubi nawa ta ce kamar kaza ta taka fenti ta bi ta kai. Ban yi musu ba.

Mu huɗu muka kafa shi. Sharaɗin Baba ya sa ya fi duk allunan tsawo, yana can sama shi kaɗai.

Kwana biyu bayan nan Ɗantani ya sauka daga mota da bokitinsa, wannan karon tallan wani taron siyasa ne. Ina zaune a kan babur ƙarƙashin marke ina kallonsa. Ya liƙa wa mai basir, ya liƙa wa mai sola, ya liƙa wa Anka mai kallon sama. Ya iso namu, ya taka wani dutse, ya tsoma burushi ya ɗaga hannu. Sai ya tsaya. Na ga leɓɓansa suna motsi yana haɗa baƙi, don shi ma ya yi makarantar allo. Sitaci yana ɗiga a gwiwar hannunsa. Ya sauko ya goge hannu a wando. Na tsokane shi na ce ya liƙa mana, ai akwai fili.

"Na san ba aya ba ta," in ji shi. "Tungar Makau anka rubuta, ga shi ina gani. Amma hannuna ya ƙi."

Ranar na yi ta dariya ni kaɗai har gida.

Dariyar ba ta daɗe ba. Rana ta bakwai cikin kwana goman nan wasu ma'aikata suka zo da wani ƙaton allo, wai za a sake ƙaddamar da aikin hanyar nan da ba a taɓa somawa ba. Duk faɗin mararraba ba su ga inda za su haƙa ba sai gaban namu. Na roƙe su, suka ce nan aka nuna musu. Da suka tayar da shi sai babbansu ya ɗaga kai ya ga rubutun Hindu zai ɓuya. Ya sa aka fitar da allon nasu, aka ƙara zurfin ramin har kusan kamu biyu, aka sake dasawa. Ajamin ya tsira. Bokona da kibiyata kuwa sun shige bayan allonsu, ba a ganin ko wutsiyarsu. Na koma gida raina a ɓace na ce aiki ya lalace, wane direban kamfani ne zai karanta ajami? Hindu ta ɗauki sauran jan fenti ta ce in kai ta. Ta hau kan sirdin babur ina riƙe da shi, ta ja kibiya a saman rubutunta, ta sauko ta ce mu bar wa Allah sauran.

Rana ta tara hadari ya soma haɗuwa ta gabas. Wajen hantsi na ji rurin babbar mota daga wajen Anka. Na san ta tun kafin ta bayyana. Wannan karon na yi hankali, na tura babur bayan marke, na zauna a ƙasa na danne hannuwana a ƙarƙashin cinyoyina don kada su ci amanata su ɗaga. Motar ta iso ba ta rage gudu ba. Ta wuce allon Gummi, ta wuce mai basir, ta wuce namu. Na rufe ido.

Sai na ji birki, irin mai hucin nan. Na buɗe ido na ga ta tsaya can gaba. Ta soma ja da baya a hankali tana kuka, har kanta ya zo daidai da azarar Baba. Direban ya leƙo ya ɗaga kai. Sannan ya murza sitiyari, tayoyin gaba suka sauka daga kwalta suka hau jar ƙasarmu. Ban bi su ba sai da suka ɓace, don kada in sake korarsu. Ina tafe ina kuka a kan babur, ƙato da ni, kuma ban ji kunya ba.

Kwana uku suka yi suna haƙa. Rana ta uku bayan la'asar ruwa ya yi tsartuwa sama ya jiƙa duk wanda ke kusa, mata suka ɗauki guɗa. Aka kawo Baba aka zaunar da shi a kan tabarma. Direban, wani dattijo mai suna Lauwali, ya zo ya durƙusa ya gaishe shi. Ya ce shi boko bai taɓa shiga kansa ba, injiniya ke karanta masa alluna, kuma a mararrabar nan injiniyan kansa ruɗewa yake yi. Ya ce ya riga ya wuce sai jan wasalin ya fizgi idonsa, rabon da ya ga hannu irin wannan tun na malaminsa. Ya tambaya ko Malam ne ya rubuta.

Gari duka yana wurin, kuma kowa ya san amsar da aka saba bayarwa. Baba ya gyara zama ya ɗaga murya yadda yake yi a huɗuba.

"Ba ni na ba. Malama Hindu ta, ɗiyata. A ba ta bokitin hwarko."

Hindu ta fito daga cikin mata, mayafinta jiƙe, ta karɓi bokitin da hannu biyu. Ba ta sha ba. Ta ɗauka ta kai gaban Inna ta ajiye, taku ashirin daga bakin rijiyar, ni na ƙirga. Inna ta sha, ta wanke fuska, ta zuba sauran a kan gwiwarta. Sannan ta ciro tsohon gammon nan daga ƙugunta, ta dube shi, ta wurga shi kan rufin rumbu. Ruwan sama ya sauka bayan kwana huɗu ya rufe hanya. Gammon yana can har yau, babu wanda ya ɗauko mata.