Fayif Biyar a Gindin Katanga

Gidanmu a gindin tudu yake. Lambun bayan gida ya fi tsakar gida bisa, kuma abin da ya tare ƙasarsa kada ta gangaro mana shi ne wata katangar kankare da Baba ya zuba da hannunsa ina ɗan shekara tara. Baba magini ne, kafin ciwon shanyewar ɓarin jiki ya ɗauke masa hannun dama ya haɗa da magana.

Katangar nan muni gare ta, ba zan ɓoye ba. Toka-toka, duk sawun katakon da aka tare kankaren da shi, ga wasu baƙaƙen fayif biyar da suka leƙo daga gindinta suna ɗigar ruwa duk damina, ƙarƙashinsu ya yi kore shar da gansakuka. Ni kuwa kafinta ne, kuma ba na wasa ba, gidajen manya nake wa aiki. Duk ranar da wani ya biyo ni gida don mu yi maganar aiki, sai in ga idonsa ya sauka kan katangar, kunya ta rufe ni.

Da na samu katako mai kyau, irin faffaɗan nan da ake shimfiɗawa a daɓen baranda, sai na ce yau katangar Baba za ta sa riga. Na kafa 'yan sandunan katako a tsaye a jikinta, don in jera faffaɗan a kwance a kansu. Kankaren nan sai da ya cinye min bakin injin huda guda biyu. Ina zufa ina tsaki, wai tsohon nan kamar gidan yari ya gina.

Da na iso layin ƙasa, fayif ɗin suka tsaya min a wuya. Sun hana katakon kwanciya, kuma na san ruwansu zai baƙanta min shi kafin shekara. Ranar Umma ta kai Baba asibiti gashin ƙafa. Na ɗauko zarto na yanke bakunansu daidai da bango, na cusa tsumma, na liƙe da siminti, na rufe da katako.

Kada wani ya ce ban sani ba. Na sani sarai. Ina yaro, aikina ne in zura ƙarfe a cikinsu in fitar da laka kafin ruwan farko, Baba yana tsaye a kaina yana cewa ruwan da ke bayan katanga dole a ba shi ƙofa. Kawai na ce wa kaina abin da ya tsaya shekara talatin ai ya gama tsayuwa.

Aikin ya yi kyau, wannan kam ko maƙiyina ya shaida. Matata ta ɗauki hoto ta tura wa 'yan uwanta. Umma ta ce, "Kai, kamar ba gidanmu ba."

Baba ya daɗe yana kallo daga kujerarsa. Washegari da safe ya miƙe, ya ja ƙafa har gindin katangar, ya dinga bugun katakon ƙasa da sandarsa. Ƙwan, ƙwan. Ya matsa gaba, ya sake. Ya juyo ya dube ni, bakinsa yana motsi, sai wani gurnani ke fita.

"Na gani, Baba. Ya yi kyau ko?" na ce, na wuce shago.

Haka kullum. Sati biyu sandar nan tana kankare min man da na shafa wa katakon. Raina ya ɓaci, na ce kishi ne kawai, an rufe masa aikinsa. Ran nan na ɗauke kujerarsa na mayar ƙofar gida, inda ba zai iya zagayowa shi kaɗai ba.

"Nan ya fi iska, Baba," na ce masa. Bai yi gardama ba. Da me zai yi?

Ruwa ya sauka kwana huɗu a jere. Ran na biyar da safe matata ta shigo ɗaki a guje da bokitin shanya a hannu.

"Fito ka gani, katakonka ya yi ciki!"

Tsakiyar katangar ta turo gaba, kusoshi uku sun tsinke. Na cire katakon ɗaya bayan ɗaya. Tsaga ce tun daga sama har ƙasa, tafin hannuna yana shiga, ruwan laka yana tsiyaya daga ciki. Katangar ta sunkuyo.

Umma ta aika aka kira Kawu Dogo, abokin aikin Baba ne tun suna samari, tare ma suka zuba wannan kankaren. Ya ce a kawo masa abokinsa. Ni na ɗauko kujerar, ni na riƙo Baba na zaunar da shi.

Kawu Dogo ya bi tsagar da ido, ya tsuguna, ya ƙwanƙwasa gindin bangon da guduma. Simintina ya faɗo, ya zaro tsumman, ruwa ya yi tsartuwa har kan takalminsa. Ya ɗaga tsumman. Tsohuwar rigar aikina ce.

"Wannan ba ta gyaruwa, sai an fasa," ya ce. "Shekara talatin ba ta ce uffan ba. Wane ne ya toshe mata hanyar ruwa?"

Na buɗe baki, wallahi na buɗe. Kafin in ce komai, Baba ya jingine sandarsa, ya ɗaga hannun hagu, ya dafa ƙirjinsa. Ya bubbuga sau biyu.

Kawu Dogo ya dubi hannun daman da ke kwance a cinyar Baba, hannun da ko cokali ba ya riƙewa. Ya dube ni. Sannan ya yar da tsumman.

"To," ya ce. "Tsufa ke nan, abokina. Asabar zan zo da ma'aikata."

Ni kuma na bar shi ya ɗauki laifina. Da gemuna, na tsaya a bayan tsoho mara baki na ɓuya.

Da yamma ina tattara katakon don in jingine a shago, na ɗago na layin ƙasa. Ina tsammanin zan ga sandar ta yi masa kaca-kaca ko'ina. Ashe tabon wuri biyar ne kawai. Na kai katakon gindin katangar na gwada. Kowane tabo daidai bakin fayif yake, ko ɗaya Baba bai kuskure ba.